Dattijon da ke gyaran tsofaffin kwamfutoci a bayan Titin Beirut, abin da na gani

Duk mai tsohuwar kwamfuta a ajiye a gida, ina nufin tsohuwa ta gaske irin ta zamanin fulofi ba wai laftop ɗin 2012 ba, akwai wani dattijo a wani lungu bayan Titin Beirut da ya san kan aikinta, kuma a ganina ya isa a kai masa, amma fa sai in kana da haƙuri. Shagon ko allon suna babu, masu sayar da caja na bakin titi ne za su nuna maka in ka ce mai gyaran tsofaffin kwamfuta. Sauran masu gyaran layin kam kana sauke irin wannan kaya za su ce maka oga wannan ai sai 'yan jari bola.

Abu biyu na kai masa. Ɗaya 486 ce, wato tsohuwar kwamfutar tebur mai furosesa 486, ta tsohuwar bizines santa ɗin gidanmu, ɗayar kuma Commodore 64 da na tsinta cikin kayan kwantena, na saya don sha'awa kawai. Ga wanda bai santa ba, a 1982 ta fito a Amurka a kan dala 595, ƙwaƙwalwarta 64KB ce kacal, hoto ɗaya na wayarka ya ninka wannan sau da yawa, kuma duk kwamfutar a cikin kibod ɗin take sai dai ka jona ta da talabijin. Kamfanin ya durƙushe tun 1994. Mu nan Kano gaskiya ba da ita muka tashi ba, mu Sega muka sani da gidan gem, sai kwamfutocin bizines santa da kafe.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai jona komai a wuta ba. Yaron shagonsa ya miƙa hannu zai ɗauki wayar wuta ya daka masa tsawa, kai ajiye! Ya juya bayan 486 ɗin ya nuna min wani ɗan jan makunni a jikin fawa, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, mai rubutun 115 da 230, ya ce Alhaji wannan ɗan abin shi ya fi kashe kwamfutocin kwantena a garin nan, kayan Amurka a kan 115 suke zuwa mu kuma wutarmu 230 ce, mutum ya jona sai ya ji fau sai hayaƙi. Tawa dai a 230 take. Ta Commodore ɗin kuwa ko taɓa tata fawar bai yarda an yi ba sai da ya auna ta da mita ita kaɗai. Bayaninsa shi ne wuta iri biyu take bayarwa, bolt 5 da bolt 9, kuma in ta tsufa ɓangaren bolt 5 ɗin hawa yake yi sama a hankali ba tare da wata alama ba har ya ƙone cif-cif na ƙwaƙwalwa, ga shi an cika cikinta da wani irin danƙo mai tauri ba ta buɗuwa balle a gyara. Ya ce in manta da ita, shi ya haɗa min wata sabuwa mai karɓar wutarmu kai tsaye ba sai da sitep-dawun ba.

Da ya buɗe 486 ɗin sai ga aika-aikar batir. Madabod na zamanin 386 da 486 da yawa suna da wani ɗan batir mai siffar ganga da aka like da dalma, in ya shekara talatin sai ya fara yoyo, kore-kore ya bi siraran layukan tagulla yana cinye su. Nawa ya fara cin wajen ramin kibod. Wallahi na zauna ina kallo, ya cire batirin, ya ɗiga binega a wajen ya ɗan yi kumfa, ya goge da tsohon buroshin haƙori sannan ya bi da sipirit, ya sa madubin ƙara girma a ido yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya da mita, wanda ya yanke ya haɗe shi da waya siririya kamar gashi. Batirin da ya maye da shi irin faifan nan ne CR2032, amma sai da ya sa masa dayod tukuna, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya ce bod ɗin cajin tsohon batirin yake yi shi kuma wannan ba a cajinsa. Irin wannan ne bambancin wanda ya sani da mai canje.

Had dis ɗin ya mutu, ƙas ƙas kawai yake yi, kuma nan bai ɓata min lokaci ba ya ce abin da ke ciki sai dai haƙuri. Ya sa min katin memori na CompactFlash da adafta a madadinsa, ya raba shi ƙasa da 504MB saboda tsohon BIOS, manhajar da ke tada kwamfutar, ba ya ganin abin da ya wuce haka, ya ɗora MS-DOS 6.22, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a zamanin. A gurbin fulofi kuma ya sa Gotek, wata 'yar na'ura ce da kake soka mata filas ita kuma kwamfutar ta ɗauka faifan 1.44MB ne. Gem ɗin Prince of Persia ya tashi tsaf, har yaron shagon ya bar aikinsa ya zo kallo.

Na tambaye shi Baba ina ka koyi duk wannan, sai ya jawo wani fayil mai kauri duk ya sha ƙura, zanen hanyoyin wutar injinan ne da takardun gyara na asali, waɗanda masu sha'awar abin a Turai da Amurka suka yi sikanin suka zuba a intanet kyauta, shi kuma ya buga su a takarda don ba ya son karatu a waya. Masu sha'awar ne ma ke ƙera sababbin kayan maye gurbi. Commodore ɗina baƙin sikirin take nunawa, ya soka mata katirijin gwaji da ake kira Dead Test, daga ƙarshe ya ce wani cif mai suna PLA ne ya mutu, wanda dama an san shi da mutuwa, kuma sai an yo odar irin na masu sha'awar daga waje.

To a nan matsalar take. Mutumin nan bai san alƙawarin lokaci ba. Ya ce sati biyu, aka shiga wata na gaba, ka kira waya ba ya ɗauka, ka hau adaidaita ka sha go-silo ka je ka tarar babu wuta kuma ba zai tada inji ba saboda aiki ɗaya, ya ce maka fetur ya yi tsada, kuma dai gaskiyarsa ce amma ai da sai ya faɗa a waya. Rasit babu, farashi ma ba ya yankewa tun farko, sai dai ya ce bari mu gani tukuna, ni kuma ba na son haka ko da mutum mai gaskiya ne. Shagon matsattse, ƙura ko'ina, kayan mutane jibge kan juna babu ko alamar suna a jiki, har yaron ya ɓatar min da maɓalli ɗaya na kibod sai da aka ciro a wata matacciya, launinsa ya ɗan bambanta da sauran.

Kuɗin kam ba laifi, ladan aikin duka biyun bai kai na canza sikirin ɗin waya mai tsada ba, kayan odar ne suka ci kuɗi saboda dala. Kuma ba ya zuga ka. Shi da bakinsa ya ce min in gem kawai nake so in sauke DOSBox ko VICE, manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutocin, a laftop in huta, kyauta ne, kar in zuba kuɗi a ƙarfen da ya girmi 'ya'yana.

Commodore ɗin dai ta tashi, shuɗin sikirin ɗinta ya fito da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, kuma cif ɗin sauti na SID lafiyarsa ƙalau, wanda shi ne na fi jin tsoro don na asali wahalar samu yake yi yanzu. Ya haɗa min wata 'yar na'ura mai suna SD2IEC don loda gem daga katin memori maimakon neman tsohon diraib ɗin fulofinta na 1541. Abu ɗaya da ya gargaɗe ni, tunda ta Amurka ce mai tsarin hoton talabijin na NTSC, wasu talabijin ɗin namu za su nuna ta fari da baƙi, na ɗakina ya nuna kala na falo ya ƙi.

In za ka je ka je da safe, ban da Juma'a, ka haɗa da duk wayoyinta da fawarta ko da kana ganin sun lalace, ka ɗauki hoton kayanka kafin ka bari, kuma don Allah kar ka jona ta a gida wai kana gwadawa. Monitar 486 ɗin mai ƙeya har yanzu tana wajensa, ya ce in dawo bayan sallah, bai dai faɗi wace sallar ba.