Shagon birki a Suame Magazine da bai sa ni sayen sabon faifai ba

Salamu alaikum jama'ar Kumasi, musamman masu ajiye mota a waje ruwa na dukanta. Akwai wani shagon gyaran birki a cikin Suame Magazine da nake so ku san da shi, in ka baro randabawul ɗin Suame ka kama hanyar Offinso sai ka shiga ciki, wani dattijo ne da yaransa, kowa Masta yake ce masa, kuma birki kawai suke yi, ba inji ba giya ba wuta. Wallahi na ji daɗin aikinsu, duk da akwai abun da zan faɗa wanda bai min ba.

Motata Corolla ce 2010. Na yi tafiya Tamale na jima, na barta a fili a Aboabo cikin damina, kun dai san ruwan Kumasi daga Afrilu zuwa Yuli baya wasa. Da na dawo na leƙa ta cikin wili sai naga faifan birkin gaba duk ya yi ja wur da tsatsa, ina tada mota na taka birki sai ƙara kaman ana jan kwano a siminti. Wani fita, wato makanike, a unguwa ko taya bai cire ba yace faifan ya mutu, a sayi sabo guda biyu da fad, wato abun da ke matse faifan in an taka birki. Hankalina bai kwanta ba sabida kuɗin ba kaɗan bane, shine wani direban tasi da muke sallah tare yace in je wurin dattijon nan tukun.

Abun farko da ya burge ni, bai ce a jaka motar ba. Ya duƙa ya duba, ya sa farce ya karce faifan, jan ya fita a yatsansa kaman hoda, sai yace "Alhaji shiga muje." Muka miƙa wajen Maakro inda hanya ta ɗan sake, yana ce min in kai kaman 40 ko 50 in taka birki a hankali har ta kusa tsayawa, in sake, in ƙara, ba taka na firgici ba. Kafin mu juyo ƙarar ta ragu sosai, muna tsayawa na duba na dama ya koma fari yana sheƙi. Yace wannan ita ce tsatsar sama, fad ɗin da kansa yake share ta. Faifan birki ƙarfen zubi ne, kuma inda fad ke kamawa ba a masa fenti sabida dole ƙarfe tsirara fad zai riƙe, to ƙarfen zubi in ya haɗu da laima da iska ko dare ɗaya ya isa ya yi ja, shi yasa ko wanki ka kai mota washegari zaka ga haka, ba lalacewa bace. Ƴan uwanmu na Accra ma sun fi mu gani sabida iskar teku mai gishiri, musamman na kusa da bakin ruwa wajen Teshie ko Chorkor.

Amma na hagu bai wanke duka ba, kuma nan ne na gane mutumin ya san aikinsa. Ya sa yara suka ɗaga motar suka cire taya, ya haska min bayan faifan da tocilan, fuska ɗaya ta share, ɗayan kuwa akwai zobe na tsatsa mai faɗin kaman yatsa biyu da fad bai taɓa ba. Yace in ka yi tafiya ka taka birki amma wani wuri ya ƙi sharewa to matsalar ba ta faifai bace, fad ne baya zama daidai. Ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin faifai, ya jawo fin guda biyu ɗin da take zamewa a kansu, ɗaya ya fito sumul ɗayan sai da ya sa filaya yana murɗawa, robar da ke rufe shi ta yage ruwa ya shiga, giris ɗin ya bushe ya zama kaman ƙasa. Da na saurari wancan fitan na sayi sabon faifai, da wannan fin ɗin zai sake cinye shi, kuma fad ɗaya ya ƙare ya bar ɗaya.

Sai ya ɗauko maikuromita, abun auna kauri, ba ƙiyasi da ido ba. Ya goge gefen faifan da buroshin waya ya nuna min rubutun da kamfani ya buga a jiki, MIN TH 19, wato in kaurin ya sauka ƙasa da milimita 19 a jefar, sabo kuma 22 yake zuwa a wannan Corolla ɗin. Nawa yana sama da 20, babu ramuka masu zurfi, farce baya maƙalewa. Yace da akwai ramuka irin na tsatsar da ta ci ciki da sai a kai wurin masu injin aske faifai, suna nan kusa a Magazine, amma fa sai in bayan askin kaurin bazai faɗi ƙasa da lambar ba, in zai faɗi to sabo, kuma biyu ake canzawa hagu da dama tare dan kar mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Irin wannan tsatsar mai ci yace ya fi ganinta a motocin da ake sauke wa a Tema daga Kanada da arewacin Amurka, inda suke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sannan motar ta zauna wata da watanni kafin ta iso hannunka. Duk mai shirin sayen irinsu ya leƙa faifai da ƙarƙashi kafin ya biya.

Aikin da suka yi: sun cire faifan, sun bi shi da sanfefa sama sama, sun kankare tsatsar gefe da ta cikin ramukan iska, sun wanke da feshin wankin birki wanda ke bushewa nan take. Abun da ban taɓa ganin wani fita ya damu da shi ba shine fuskar hob inda faifan ke zama, Masta da kansa ya zauna ya goge ta har ta yi fes, yace in ɓawon tsatsa ya rage a nan faifan bazai kwanta daidai ba, bayan ɗan lokaci kana taka birki feda na rawa sitiyari na rawa kace faifai ya lanƙwashe. Suka sa sabuwar roba, fin ɗin aka wanke aka sa masa giris na birki, ba baƙin giris na kowa da kowa ba wanda ke kumbura roba.

Dan Allah ga wata magana da ya ja min kunne a kai kuma nima nake roƙonku. Kar wanda ya shafa mai, ko giris, ko WD-40, ko ya bari yaran wurin wanki su fesa baƙin mai ko dizal a faifai wai dan kar ya yi tsatsa. Fad yana shan mai, in ya sha shikenan birki bazai kama ba, kuma iyalinka ne a cikin motar. In an wanke mota ka ɗan zaga ka taka birki ya bushe kafin ka ajiye, in zaka yi tafiya mai nisa ka bar wa wani amintacce makulli ya riƙa motsa ta ko sau ɗaya a sati, kuma kar a barta cikin ciyawa ko ƙasa mai laima. In wuri a miƙe yake a sa ta a P a tokare taya da katako maimakon a ja birkin hannu a barshi wata guda, yana iya maƙalewa.

To abun da bai min ba. Wurin zama babu, benci ɗaya ne ƙarƙashin rumfa, in an yi ruwa kuma layin shiga duk taɓo da baƙin mai, kar ka sa farar riga. Jira ma akwai sabida masu tasi da trotro sun san wurin, ga gosulo na randabawul, gara ka yi sammako. Sannan yaran suna son ɗaure notin taya da doguwar faif suna hawa kai, na ce musu a'a, Masta yaji ya musu faɗa ya sa aka sake ɗaurawa a tsallake tsallake yadda ya kamata, amma dai ka tsaya a kan motarka lokacin. Rasit ma basa bayarwa sai ka tambaya.

Kuɗi kuwa, duk da robar da feshin da aikin hannu bai kai kwatan abun da aka ce in kashe a sabon faifai da fad ba, kuma sun karɓi MoMo. Masta yana jin Hausa da Twi, yana tsayawa ya maka bayani ba tsawa, lokacin azahar kuma yana ajiye aiki, sai ka yi lissafi da wannan. Ya ce in dawo in fad ya kusa ƙarewa a sake auna faifan a ga ko zai ɗauki wani fad ɗin, kuma can zan koma in sha Allah.