Canyon Lake da Tortilla Flat, ko Slide Rock da Prescott? Amsa ga ƙanenmu na Tempe

Salam jama'a. Ƙanenmu da ya zo karatu Tempe, kusa da Phoenix a jihar Arizona ta Amurka, a watan Janairu shi da iyalinsa ya yi tambaya jiya a zauren nan, ya ce zafi ya kulle su a gida, yara biyu sun gaji da zaman gaban talabijin, kuma abokan karatunsa sun ba shi shawara biyu. Ko dai ya bi hanyar Apache Trail su yi wanka a tafkin Canyon Lake su ƙarasa Tortilla Flat, ko kuma ya hau arewa zuwa Slide Rock da ke kusa da Sedona ya haɗa da tsohon salun ɗin Prescott. Wanne ya fi? Duka biyun na je da nawa iyalin ba sau ɗaya ba, to ƙanena ga abin da na gani.

Da farko dai salun ɗin da suke faɗa maka ba na gyaran gashi ba ne irin wanda muka sani a gida. Mashaya ce ta zamanin kaboyi da masu haƙar ma'adinai, irin wadda ake gani a tsofaffin finafinan Amurka mai ƙofar katako biyu da ake turawa. Har yanzu ana sayar da giya a cikinsu, gara ka sani tun daga gida kada ka je da madam ku yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Zan dawo kan wannan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, a Arizona ba ruwa ne ke raba mutum da zafi ba, tudu ne. Phoenix a cikin kwari take, tsayinta daga teku bai wuce mita 330 da 'yan kai ba, shi ya sa a 2023 aka jera kwana 31 cur zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 ba da rana, wato 110 a ma'aunin da suke amfani da shi a nan. Canyon Lake kuwa kusan mita 500 ne kawai, ka ga kenan zafin da ka bari a Tempe shi zai tarye ka a can, bambancin kaɗan ne. Sedona ta haura mita 1,300, Prescott ta haura 1,600. A Prescott cikin watan Yuli da rana za ka samu 31 ko 32, da dare kuma ya sauko wajen 16, har sai ka nemi abin rufa. Wallahi ranar da muka fara kwana a can muka kashe AC muka buɗe taga, uwar yarana cewa ta yi kamar Jos.

To bari in fara da na kusa. Daga Tempe zuwa Canyon Lake awa ɗaya ne ko da 'yan mintuna, ka bi ta Apache Junction ka hau hanya mai lamba 88. Hanyar kanta abin kallo ce, duwatsun Superstition a gefe, ga dogayen itatuwan ƙayan nan saguaro tsaye kamar mutane sun ɗaga hannu, amma kwana-kwana ce sosai, in yaranka na da tashin zuciya a mota ka tanadi leda kuma kada a cika musu ciki kafin tafiya. An yi hanyar ne don kai kayan ginin madatsar Roosevelt da aka gama a 1911, shi kuma tafkin ya samu ne bayan an gina madatsar Mormon Flat a 1925. Akwai wurin wanka da ake ce wa Acacia, ruwan a kwance yake ba ya gudu, yaro zai iya wasa a bakin gaɓa kana riƙe da shi. Sai ka sayi takardar fakin da ake kira Tonto Pass, ana samunta a wasu gidajen mai da shaguna tun kafin ka fita gari. Matsalar ita ce inuwa ta yi kaɗan, da ƙarfe 11 ta yi dutse ya ɗau zafi ba ka iya taka shi ba takalmi, ga masu jiragen ruwa na gudu da kiɗa musamman Asabar da Lahadi.

Tortilla Flat mintuna kaɗan ne gaba da tafkin. Zango ne na keken doki tun 1904, mutanen garin duka su 6 ne, gobara ta cinye yawancinsa a 1987 aka sake ginawa. A cikin salun ɗin garin kujerun da ke gaban kantar giya sirdin doki ne na gaske, bango kuma an lulluɓe shi da takardun dala ɗaya-ɗaya da baƙi ke rubuta suna su manna. Yara suna son wurin, akwai askirim na 'ya'yan kaktus mai launin ja-ja, nawa har yau suna tambayarsa. Amma gaskiya cikin minti arba'in ka gama ganin komai, layi ɗaya ne na gine-ginen katako a bakin titi.

Yanzu arewa. Slide Rock tana cikin kwazazzabon Oak Creek, mil 7 gaba da Sedona a kan hanya 89A, daga Tempe ka ba shi awa biyu da rabi in ba cunkoso a babbar hanyar I-17. Asalinta gonar tuffa ce ta wani mutum Frank Pendley da ya mallaki wurin a 1910, har yanzu itatuwan tuffa da tsohon gidan da rumfar da ake tattara 'ya'yan suna nan, gwamnatin jiha ta buɗe shi wa jama'a a 1987. Abin da ke kai mutane shi ne ƙoramar ta bi ta kan jan dutse mai santsi, ta yi wani siririn kwaroro mai tsawon ƙafa 80, gansakuka ta lulluɓe ƙasan, sai ka zauna ruwa ya tura ka suuu har ƙasa. Ruwan sanyi ƙarara ko a tsakiyar Yuli, in ka fara sa ƙafa sai ka ja da baya, bayan minti biyar kuma ba mai fitar da kai. Ka ɗaga kai ka ga jajayen duwatsu sun yi sama ta kowane gefe da koren itatuwa a jikinsu, mutumin da ya yi wata shida yana kallon kwalta da bangon siminti a Phoenix sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ni dai duk zuwa sai na zauna na yi shiru na ɗan lokaci ina tasbihi kafin in shiga ruwan.

Amma ka shirya. Wurin fakin ƙarami ne, in ya cika sai su tare ƙofa sai wata mota ta fita wata ta shiga, don haka ku isa tun kafin a buɗe da safe, in da hali ma ranar aiki ba ƙarshen mako ba. Kuɗin shiga a kan mota ake biya kuma ya fi tsada a bazara. Ba masu ceto a bakin ruwa, kai ne mai gadin 'ya'yanka, ka sa musu rigar hana nutsewa da takalmin roba mai kama ƙasa don santsin nan ya kayar da manya ma balle yara. Ba a shiga da kwalba wajen ruwan, zoɓonku ku zuba a gorar roba cikin kula. Wani lokaci kuma suna hana shiga ruwan in gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun yi yawa, to ka duba shafinsu na intanet da asuba kafin ka tada mota. Maganar sutura, ko a can ko a Canyon Lake za ka ga shigar da ba mu saba da ita ba, wannan kam babu makawa, amma madam za ta iya shiga da doguwar rigar wankanta da ɗankwali ba mai ce mata kanzil, tawa haka take yi. Da sassafe iyalai sun fi yawa, wannan ma wani dalili ne na sammako.

Prescott kuma gari ne na gaske ba layi ɗaya ba, ita ce hedikwatar yankin Arizona ta farko a 1864. Layin mashayun da ake kira Whiskey Row yana kan titin Montezuma, yana fuskantar dandalin kotu mai ciyawa da manyan itatuwa. Mafi tsufa a cikinsu The Palace, an buɗe shi a 1877, su Wyatt Earp da Doc Holliday, gwanayen harbin bindiga na zamanin kaboyi da ake ba da labarinsu, sun zauna a ciki. A ranar 14 ga Yulin 1900 gobara ta tashi ta cinye layin, mutanen da ke ciki suka ciccibi katuwar kantar katakon suka tsallaka titi da ita zuwa dandalin, aka sake gina wurin a 1901 aka mayar da ita, ita ce a ciki har yau. Da rana gidan abinci ne, iyalai na shiga da yara, ma'aikata sanye da kayan zamanin da. Ni abin da nake yi, mu leƙa da hantsi mu ga kantar da hotunan da ke bango mu fito, abincinmu mu ci a dandalin ƙarƙashin inuwa, don zuciyata ba ta kwanta da zama cin abinci inda ake zuba giya ba. Wasu 'yan uwa suna zama can ɓangaren tebura su ci kifi, kowa da fahimtarsa, in za ka ci dai ka tambaya don naman alade na shiga abubuwa da yawa har cikin wake. Da dare kuwa layin ba na mai iyali ba ne sam. Kada ka ce za ku yi wanka a Prescott, tafkin Watson da ke gefen gari yana da kyau ƙwarai da duwatsunsa masu kama da an jera, amma an hana iyo a ciki, sai dai hayar ƙaramin kwalekwale.

Abu ɗaya da ya shafi duka biyun kuma ba na wasa da shi: damina. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba hadari kan taso da yamma, wani lokaci da guguwar ƙura da su ma a nan suke kira habub kamar yadda 'yan uwanmu na Sudan ke faɗa. Ruwa na iya sauka a kan dutse nesa da kai, sama a kanka garau, sai ambaliya ta biyo kwazazzabo. A watan Yulin 2017 mutum 10 'yan dangi ɗaya ruwa ya tafi da su a wani wurin wanka kusa da Payson, har da ƙananan yara, Allah ya kiyaye mu. In ka ji tsawa ko ka ga ruwan ya fara canja launi yana ɗauko itace, ku fita ku hau tudu nan take, a bar kula da tabarma.

To in ni ne kai ƙanena, arewa zan yi, kuma da kwana. A rana ɗaya ba za ka haɗa Slide Rock da Prescott ka ji daɗi ba, tsakaninsu ma awa biyu ne ta kan dutsen Mingus. Ku tashi da asuba ku yi wanka a Slide Rock zuwa azahar, ku bi 89A ta Jerome, tsohon garin haƙar tagulla da ke maƙale a jikin dutse, ku tsaya ku sha iska, ku kwana Prescott, washegari ku zaga dandali ku dawo ta hanya 69. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, ku ɗauki dadduma. Canyon Lake da Tortilla Flat ku ajiye su zuwa ƙarshen Oktoba in gari ya huce, in kuma aljihu bai ba da damar otal ba yanzu to ku je, amma ku bar gida ƙarfe 6 na safe, kafin 11 kun fito daga ruwa, kuma ku cika bayan mota da ruwan sha fiye da yadda kake zaton za ku buƙata.