Gargaɗi ga Damagarawa masu jirgin ruwa a bakin teku: a guji dillalan "cikakken dosiye"

Jama'ar Damagaram, musamman Alhazanmu na Kasuwar Dole da suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramin jirgin dakon kaya ko na kamun kifi a Lome ko Kotonu, a yi hattara. Akwai masu baza talla a zaurukan WhatsApp, wani ma har ya tako shago da jaka a hammata, wai za su haɗa wa jirginka duk takardun shiga tashar wata ƙasa: rajista, asiransi, lasisin rediyo, har da takardar fita, cikin mako guda, ba sai an ga jirgin ba. Ka aika rabin kuɗi ta gidan aika kuɗi, cikon in takardu sun iso. Kuma suna isowa, da hatimi da sa hannu, fes da su. Na jabu ne. Abin da mazambatan suka dogara da shi kawai shi ne mai jirgin yana Zinder, teku kuma na da nisan fiye da kilomita 1,000, ba zai tashi ya je ya gani da idonsa ba.

Ga yadda shiga take. Jirgin da ya fito daga wata ƙasa ba ya tsayawa inda ya ga dama, sai tashar da hukuma ta ware don shigowa. Zai ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar yana neman izini, ya kira ofishin tasha ta rediyo, galibi a layi na 16. Ma'aikata su zauna cikin jirgi, kyaftin ne zai fuskanci jami'an lafiya, 'yan sandan shige da fice, duwan da ofishin tasha. Za a nemi asalin takardar rajista, fasfo na kowa, jerin sunayen ma'aikata, shaidar ƙwarewar kyaftin, asiransi, lasisin rediyo, da takardar fita daga tashar da aka baro. In mai jirgin ba ya ciki, kamar yadda lamarin namu yake, a haɗa da wasiƙar wakilci da ya sa wa hannu, wadda ta ba kyaftin ikon fita da jirgin.

Takardar fitan nan ita ce ta fi saurin tona asirin dillali. Hukumar tashar da jirgi ya baro ce ke bayar da ita a lokacin tashi, bayan an biya kuɗin tasha an buga wa fasfo hatimin fita. A jikinta akwai sunan jirgi, ranar tashi, tashar da aka nufa da yawan mutanen da ke ciki. To ta yaya mutumin da ke zaune a Zango ko Birni zai sayar maka da ita makonni kafin jirgi ya motsa? Jami'in tashar da ka isa zai gwada ranar da ke jikinta da hatimin fasfo, ya ƙirga kawuna ya duba jerin suna. In ya ga saɓani, waya ɗaya zai buga wa tashar da aka ce ta bayar. Duk wanda ya sa takardar fita cikin kayan da yake sayarwa, Alhaji, ka rufe maganar daga nan.

Sai rajista, inda kuɗi mai yawa ke salwanta. Jirgi tutar ƙasa ɗaya yake ɗauka. Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 92, ta ce jirgin da ke amfani da tuta biyu gwargwadon son ransa ana iya ɗaukarsa marar ƙasa. Shi ya sa hukumar rajista ta gaskiya ke neman takardar sayarwa da kuma takardar soke rajistar farko kafin ta ba ka tata. Dillalin da bai tambaye ka waɗannan biyun ba, bai je kowace hukuma ba. Kuma wannan zamba ba a kanmu ta fara ba: Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta taɓa kai kuka gaban hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, kan jiragen da ke yawo da tutarta ba da saninta ba.

Ana iya bincike daga wayar hannu. Kamar yadda ake gwada kartagiris da lambar shasi kafin a sayi mota, a sa amintaccen mutum ya ɗauko hoton lambar da ke jikin gangar jirgin da ta inji, a gwada da takarda harafi-harafi. Jirgin da ke da lambar IMO, alƙaluma bakwai ce, na ƙarshe na tantancewa ne: a ninka shida na farko da 7, 6, 5, 4, 3, 2 bi da bi, a tara, alƙalamin ƙarshe na jimlar dole ya zo daidai da na bakwai. In lissafi ya fita, a nemi lambar a Equasis, shafin intanet na bayanan jiragen ruwa, kyauta ne, a ga ko suna da tuta sun dace. Lambar rediyo ta MMSI kuwa alƙaluma tara ce, uku na farko suna nuna ƙasa: Togo 671, Benin 610, Najeriya 657, Nijar 656. Rajistar Togo da lambar rediyo mai farawa da 610, akwai lauje cikin naɗi. Ƙananan jirage da yawa ba su da lambar IMO, don haka a rubuta wa hukumar ƙasar da ke kan takardar kai tsaye, ta adireshin da ka nemo da kanka. Lambar wayar da dillali ya ba ka ta abokin cin mushensa ce.

Asiransi ma haka: a kira kamfanin, a karanta masa lambar kwangila, a tambaya ko ta shafi ruwan ƙasar da za a shiga. Jerin ma'aikata da sanarwar isowa fom ne da kyaftin ko wakilin jirgi ke cikawa, ba hajar sayarwa ba ce. Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 na har abada ne, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan sabunta shi. Takardar tsabtar jirgi wata shida take yi, jami'an lafiya na tasha ke bayarwa bayan sun shiga sun duba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda ke ɗanɗana kuɗarsa. Dillali ya kashe waya ya ɓace. Kyaftin, wanda ya miƙa takardar da hannunsa, shi za a fara tuhuma da amfani da jabu. A tsare jirgi, kuɗin tasha na hawa kullum, kifi ko kaya na lalacewa, yaran jirgi na zaune ba albashi ba izinin sauka, bayin Allah da ba su ci ba ba su sha ba. In hatsari ya faru a hanya, babu kamfanin da zai biya ko dala.

Wanda ya riga ya biya, kada ya bar jirgin ya tashi da waɗannan takardu, ko da an yi lodi. Ya adana rasit ɗin aika kuɗi, saƙonnin murya da lambobin waya, ya kai ƙara komisariya nan Zinder. Sannan ya nemi wakilin jirage mai lasisi a tashar da jirgin yake, ya duba ko tsohuwar rajista tana nan da rai, don daga kanta za a sake ɗaukar aikin.