msmtp ko curl: wanne ya fi wajen aika imel cikin tsaro?

Masu kula da saba a unguwannin Nima da Mamobi na Accra suna yawan tambayar wanne za su ɗauka tsakanin manhajojin msmtp da curl don aika imel daga tamina, wato tagar rubuta umarni. Dukansu kyauta ne, dukansu na amfani da TLS, tsarin ɓoye bayanai a hanya.

Ta fuskar sauƙi, curl ya riga, don galibi yana kan na'ura tun farko. Layi ɗaya ya isa: smtps:// a tashar 465, da --mail-from, --mail-rcpt, --upload-file. Amma From, To da Subject kai za ka rubuta su cikin fayil ɗin saƙon. Shi msmtp sai ka girka, ka cika fayil ɗin saitinsa, ~/.msmtprc, sau ɗaya, daga nan -t ya karanta masu karɓa da kansa.

A tsaro ne ake tuntuɓe. A tashar 587, in ka ba curl --ssl kawai kuma sabar ba ta bayar da STARTTLS (umarnin da ke kunna TLS) ba, saƙon zai tafi a fili. Sa --ssl-reqd. Kalmar sirri a --user kuma tana maƙalewa a tarihin umarnin da ka rubuta a shel. Amfani da --netrc, mai karanto ta daga fayil, ya fi. msmtp na ƙin aiki in akwai kalmar sirri a ~/.msmtprc ba ka yi chmod 600 ba (wato ka kulle shi gare ka kaɗai), kuma a 465 dole tls_starttls off, in ba haka ba ya tsaya jugum.

In intanet ta yanke, ko dumsor (ɗaukewar wuta) ta kashe ruta, babu mai ajiye saƙo a cikinsu. Msmtp dai na da msmtpq, ƙaramin shirin da ke ajiye saƙo har intanet ta dawo.

Mai gwaji ko sanarwar jefi-jefi, curl ya ishe shi. Mai amfani da cron (mai gudanar da ayyuka bisa jadawali) kullum ko manhajar imel ta mutt, msmtp ne nasa.