Ninka \ ko sa r a gaba: wanne ya fi a Python?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta open("C:\new\test.txt"), Python ya ƙi buɗe fayil ɗin alhali ga shi kana gani a folda, sai wani ya ce ka ninka alamar \, wani ya ce ka sa r a gaba. Dukansu sun yi gaskiya, sai dai kowanne da inda yake tuntuɓe.

A cikin sitirin, wato rubutun da ke tsakanin alamomin " biyu, \ ba ta zama ita kaɗai, tana haɗewa da harafin da ke bin ta. \n sabon layi ne, \t kuma tab, wato tazara mai faɗi. Ke nan abin da ya isa Windows ba sunan fayil ɗinka ba ne. Da "C:\Users" ka rubuta ma, kod ɗin ko tashi ba zai yi ba, don \U na jiran lambobin hex (0 zuwa 9 da A zuwa F) guda 8.

Ninkawa, wato "C:\\new\\test.txt", ita ce wadda za ta bi ka duk inda ka je: yarukan C da Java, har JSON, wani tsarin rubuta bayanai da ba shi da wani r. Biyun nan alama ɗaya ce tak, gwada len("\\") za ka ga 1. Illarta gajiyar ido ce. A regex, wato salon neman wani tsarin haruffa a cikin rubutu, kafin ka kamo \ guda ɗaya sai ka jera huɗu, "\\\\", kuma wallahi nan ake ɓata lissafi.

Shi kuwa r"C:\new\test.txt" yana barin komai yadda ka buga shi. A regex ne amfaninsa ya fi fitowa. Ka rubuta "\bgida\b" ba r, Python zai mayar da \b alamar goge harafi maimakon iyakar kalma da regex ke nufi da ita, binciken ya dawo hannu rabbana, kuma ba wani kuskure da zai nuna maka. Amma r ɗin ba ya ƙarewa da \ guda ɗaya: r"C:\new\" SyntaxError ne, wato kuskuren rubutun kod, domin alamar ta riƙe " ɗin ƙarshe.

Ni dai a regex kullum r nake sawa. A hanyar fayil kuwa ba na amfani da ko ɗaya, "C:/new/test.txt" ya wadatar, Windows na karɓa, ko ka ɗauki pathlib, kayan aikin hanyoyin fayil da ya zo tun Python 3.4. JSON ka bar wa json.dumps, mai rubuta JSON a Python, ya ninka da kansa.

In kana da tsohon kod mai "\d" ba r, gyara shi tun yanzu: daga Python 3.12 na 2023, gargaɗin SyntaxWarning yake fitarwa.