Tsohon babur a Jidda, da abin da rana ke yi wa taya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gareji, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka aiko mini, wato ko gaskiya ne kayan babur sun fi inganci a nan Saudiyya, kuma ko zai dace in riƙa aiko maka da taya ta hannun masu zuwa Umara. Na jinkirta amsar ne har sai da na cika shekara guda a kan babur ɗin da na saya, saboda ba na son in gaya maka abin da na ji a bakin mutane kawai.

Babur ɗin Honda CG125 ne, irin wanda ka koya mini kwance injinsa tun ina yaro. Kamfanin ya fara ƙera shi a 1975 saboda ƙasashen da ba a cika yi wa inji juyen mai a kan lokaci ba, shi ya sa har yau yake da juriya. A nan ana kiran babur dabbab, kuma yawancin waɗanda ake gani a titunan Jidda na masu kai saƙon abinci ne, sai kuma manya na masu kuɗi da ke fitowa bakin teku da dare. Tsoho irin nawa ba shi da yawa. Na same shi ne a bayan wani gida, inda ya shekara da shekaru a jingine da bango, ba rumfa ba mayafi.

Injin bai ba ni wahala ba. Na wanke kafireta, na canza fulogi da baƙin mai, ya tashi a bugu na uku. Abin da ya yaudare ni shi ne taya. Da na dube ta, zanenta yana nan cif kamar ba a taɓa hawa ba, kuma ka san a gida da zane muke auna taya: idan bai suɗe ba, mu ce tana da sauran rai. Kwana tara na yi ina hawa. A rana ta goma, wajen azahar, kwalta ta ɗauki zafi, tayar baya ta fashe a gefe ina cikin tafiya, kuma Allah ne ya kiyaye babu mota a bayana. Da na cire ta na lanƙwasa gefenta da hannu, sai ga tsaga-tsaga sun buɗe a jere kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, na danna farce a jikin robar bai shiga ba, ta bushe ta zama kamar ƙirgi.

Wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda ya daɗe yana tuƙi, shi ne ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi a gareji. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Tawa 1412 ce, wato mako na 14 na shekarar 2012. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu, saboda haka duk tayar da ka ga lambobinta uku ne, ta girmi wasu daga cikin yaranka na gareji. Kamfanin Michelin mai ƙera taya da kansa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa kowace shekara idan ta kai shekara biyar a kan aiki, idan kuma ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. A Jidda, inda zafin bazara yake kaiwa digiri 40, ga rana tana dukan roba kullum, ni ban yarda in jira goman ba.

Nan ne babban bambancin yake. A gida hanya ce ke cin taya: rami ya lotsa wili, ƙusa ta huda tiyub, lodi ya murƙushe ta baya kafin ta tsufa. A nan hanya sumul take, kuma miƙaƙƙiya ce, saboda haka tsakiyar taya ne kaɗai ke ci, gefe yana nan sabo. Bayan wasu watanni sai tsakiyarta ta baje, idan ka zo kwana ka ji babur yana ƙin kwantawa, sa'an nan ya kwanta farat ɗaya. Na ji wannan sosai ranar da muka hau dutsen Hada zuwa Ɗa'if, hanyar da kwana ke bin kwana, kuma a can sama iska ba ta da kauri, har injin ya riƙa nauyi, fulogi ya yi baƙi. Ruwan sama kuwa ba ya sauka sai jefi-jefi a lokacin sanyi, amma idan ya sauka a kan maiƙon da ya taru wata da watanni, kwalta takan yi santsi ƙwarai, busasshiyar taya kuma ba ta kama ƙasa.

Ta fuskar kaya, gaskiya sun fi mu tsari. Dokar ƙasar ta hana shigo da tayar da aka riga aka yi amfani da ita, saboda haka ba ka ganin tulin tayoyin gwanjo irin na kasuwanninmu, kuma mai saye yakan nemi a nuna masa shekarar taya kafin ya biya, mai shago bai ɗauke shi rashin yarda ba. Man fetur iri biyu ne aka fi sha, mai lamba 91 da mai lamba 95, kuma tun watan Yulin 2021 aka ƙayyade kuɗinsu a riyal 2.18 da 2.33 kowace lita. Na 91 ya ishi injin irin namu. Sai dai girman tayar da nake buƙata, 2.75-18 a gaba da 3.00-18 a baya, sai na zaga shaguna kafin in samu, kuma a wani shagon wadda aka fito mini da ita sabuwa ce fil a leda, amma ta yi shekara shida a ajiye. Ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya tun 2020.

Ta fuskar aikin hannu kuwa, gida ya fi nesa ba kusa ba, kuma wannan yana damuna. Masu faci a nan, waɗanda ake kira banshar, suna da injin cire taya da ma'aunin iska mai kyau, amma aikinsu na mota ne da taya marar tiyub. Wilina mai wayoyi ne, dole sai da tiyub, kuma uku daga cikinsu sun ce ba sa taɓa irinsa. Na huɗu ya karɓa, ya tsunkule sabon tiyub da ƙarfe wajen mayar da taya. Daga ranar na sayi ƙarafuna, ina yi da kaina yadda ka koya mini: a ɗan hura tiyub kafin a saka, a shafa ruwan sabulu a bakin taya, a duba robar da ke rufe kawunan wayoyi. Wanda zai zauna ya ɗaure wayoyin wili har ya daidaita, ko ya naɗe waya a kwayil, ban same shi ba tukuna, domin a nan abin da ya lalace canza shi ake yi. Iskar teku kuma mai gishiri ce, tana cin salansa da sarƙa, saboda haka duk mako nake goge su in shafa mai.

Don haka amsata ita ce ba zan aiko da taya ba, kuɗin ɗauko ta ya fi amfaninta, kuma akwai masu kyau a Kano idan an duba shekara. Abin da zan aiko maka shi ne ma'aunin iska guda biyu, a riƙa aunawa da safe kafin a hau, a daina matsawa da yatsa. Ni kuma ina roƙon ka sa a nemo mini takalmin birki na gaba da na baya, da wayar kuloci, da kayan cikin kafireta a Ƙofar Ruwa, a ba duk wanda zai taso cikin watan Sha'aban. Kafin nan, don Allah ka sunkuya ka karanta lambobi huɗun da ke jikin tayar Roadmaster ɗin Baba, ka turo mini hotonsu.