Archion da tsofaffin littattafan cocin Jamus: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Wanda bai san sunan ƙauyen da kakanninsa suka fito ba, kada ya yi gaggawar zuba kuɗinsa a Archion, shafin intanet na binciken zuri'a. Na fara da wannan ne tun kafin yabo, ko da yake yabon na nan tafe, kuma mai yawa.

Ni Bahaushe ne mazaunin Jamus, mai ɗakina kuma Bajamushiya ce. Ta wajena yaranmu ba su da matsalar salsala, don duk sanda muka je gida akwai gwaggon da za ta zaunar da su ta jero musu wane ya haifi wane har sai sun fara hamma. Ta wajen uwarsu kuwa labari ya ƙare a kan kakanninta. Daga nan sai "ina jin daga kudu suke". Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, ƙasar da ko kare sai an yi masa rajista an biya masa haraji, amma a ce mutum bai san sunan kakan kakansa ba. Shi ya sa na ɗauki aikin a kaina.

Archion shafi ne na intanet da majami'un Furotesta na Jamus suka haɗa hannu suka buɗe a 2015, ofishinsa yana Stuttgart. Abin da ke cikinsa hotuna ne na shafukan littattafan coci: na baftisma, na ɗaurin aure, na binne mamata. Littafin kamar yadda fasto ya rubuta shi da hannunsa shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce, da ɗigon tawadarsa da inda ya soke ya gyara. Lokacin da na shiga, kuɗin wata guda bai cika Yuro 20 ba, kuma akwai iyakar adadin hotunan da za ka sauke a kwamfutarka, amma kallo ba shi da iyaka. Wani abin da na yaba shi ne ba sai ka biya za ka ga jerin garuruwa da littattafan da aka riga aka ɗora ba. Ka duba tukuna, in ka ga naku na ciki, sannan ka ciro katin banki.

Dalilin da ya sa ƙauye ya zama mabuɗi yana cikin tarihin ƙasar. Kafin 1871 babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, kowa da dokarsa. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati, wadda ake yi a ofishin da suke kira Standesamt, ba ta game ƙasar duka ba sai ranar 1 ga Janairu, 1876. Kafin nan littafin cocin ƙauye shi ne rajista. Saboda haka tsarin Archion ma haka yake: ka zaɓi ma'ajiyar yanki, ka shiga gunduma, ka shiga gari, ka buɗe littafi, ka yi ta juya shafi. Sunan iyali kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba. Sai ka san gari, sai kuma ka san ɗarika, Furotesta ne su ko Katolika.

Mu sunan garin daga bakin surukata ya fito, kuma ba da sauƙi ba. Na ce, "Mama, babu wata tsohuwar takarda da mahaifinku ya bari?" Ta yi shiru, ta ce akwai, amma ba abin nunawa ba ce. Da ta ɗauko sai ga wani ɗan ƙaramin littafi da ake kira Ahnenpass. A zamanin 'yan Nazi, tun daga 1933, ma'aikacin gwamnati sai ya kawo shaidar cewa babu jinin Yahudawa a iyayensa da kakanninsa, kuma dokokin Nuremberg na 1935 suka ƙara tsananta abin har zuwa kan aure. Mutane suka yi ta rubuta wa fastoci wasiƙa suna neman shaidar baftismar kakanninsu, ana cikewa a wannan littafi ana buga hatimi. Na riƙe shi na jima ina juyawa. Waɗannan dokoki ba Yahudawa kaɗai suka shafa ba, an faɗaɗa su sun haɗa da baƙar fata, wato da a lokacin ne da aurena da 'yarta haramtacce ne. Ga shi kuma a cikinsa ne na samu sunan ƙauye da ranakun haihuwa har zuwa farkon ƙarni na 19, kowanne da hatimin coci. Gidaje da yawa a Jamus suna da irinsa a ƙasan akwati. In kana wannan bincike ka tambaya, amma da lallashi, don tsofaffin ba sa son zancensa.

Ƙauyen yana Württemberg, a kudu maso yamma. Nan ma sai da na tantance, don akwai garuruwa da dama masu suna iri ɗaya a Jamus. Wani tsohon kundin sunayen garuruwa mai suna Meyers, wanda aka buga a 1912 kuma yanzu yana intanet kyauta, shi ya nuna mini gundumar da ƙauyen yake da kuma ko yana da coci nasa ko na maƙwabta suke zuwa.

To a nan ne kuɗina ya fara yi mini aiki. Wanda asalinsa Württemberg ne ya taki sa'a, domin tun 1808 aka wajabta wa fastocin masarautar su riƙe wani littafi na daban, rajistar iyali. Kowane magidanci da shafinsa. A sama sunansa da sana'arsa da na matarsa, da ranar haihuwarsu da ta aurensu. A ƙasa iyayen miji da iyayen mata. Sannan 'ya'ya a jere, kowa da ranar haihuwa, da wanda ya aura, da ranar rasuwa, har da lambar shafin da za ka same shi in ya kafa nasa gidan. Shafi guda, zuri'a uku. Da na gane yadda lambobin ke aiki sai na riƙa tsalle daga shafi zuwa shafi, dare ya raba ban sani ba. Hotunan a fili suke, kana iya zuƙo su har ka ga inda alƙalami ya karce takarda, kana iya ƙara haske ko duhu in tawada ta koɗe.

Sai dai gani daban, karantawa daban. Rubutun da ke cikin littattafan sunansa Kurrent, tsohon rubutun hannu na Jamusawa wanda aka daina koyarwa a makarantu bayan 1941. Mai ɗakina da aka haifa cikin harshen, ta kalli shafin farko ta ce ba ta ga komai ba sai tsinke-tsinke. Kamar ka miƙa wa ɗan boko zalla wasiƙar ajami ne, harshensa ne a ciki amma idonsa ya ƙi. Harafin e yana kama da n, h yana da jela sama da ƙasa, s kuma iri biyu ne gwargwadon inda ya faɗo a kalma. Na buga jadawalin haruffan na manna a bango kusa da kwamfuta. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce farawa daga littattafan baya-bayan nan masu layuka da kanun da aka buga da inji, sannan a riƙa komawa baya a hankali, ido na sabawa da hannun fasto ɗaya kafin ya mutu wani ya gaje shi. In sabon fasto mai mummunan rubutu ne, sai haƙuri, shekara talatin za ka yi tare da shi. Akwai kuma 'yan tarkuna. In ka ga 7ber ba watan bakwai ba ne, Satumba ce, 8ber Oktoba, Xber Disamba, bisa lissafin Latin. Gicciye a gefen suna yana nufin mutuwa. Shafin Archion yana da zauren tattaunawa inda masu bincike ke taimakon juna da karatun layin da ya gagara, kuma na ga tsofaffi a ciki da suke warware abin da na kwana a kansa cikin ɗan lokaci, ba ko sisi.

Sunaye ma wata rigima ce. Rabin mazan ƙauyen Johann ne, rabin matan Anna ko Maria, sunan na biyu shi ne wanda ake kiran mutum da shi. In yaro ya rasu, sau da yawa sai a mayar wa ƙaninsa sunan, don haka za ka iya samun 'yan uwa uku masu suna ɗaya a gida ɗaya, biyu sun rasu a goye. Sunan iyali kuwa yadda fasto ya ji haka yake rubutawa, yau Maier gobe Mayer jibi Meyer. Abin da ke raba gardama shi ne sana'ar uba da sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri ranar baftisma, don galibi mutane ɗaya ne suke tsaya wa 'ya'yan gida gaba ɗaya.

Ban zaci littafin rajista zai taɓa mini zuciya ba, amma ya taɓa. A tsakiyar ƙarni na 19, kusan ɗaya cikin kowane jarirai uku a Württemberg ba ya cika shekara. Ka karanta wannan a littafin tarihi ka wuce. Amma ka buɗe shafin wata kaka, ka ga 'ya'ya jere kamar ba za su ƙare ba, gicciye na bin gicciye, dalilin mutuwa kalma ɗaya, Gichter, wato taune-taunen jarirai, sai jikinka ya yi sanyi. Da na iso 1816 da 1817 littafin mamata ya yi kauri. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, ƙurarsa ta sa shekarar da ta biyo baya ta zo wa Turai da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace, yunwa ta shigo. Dubban mutanen Württemberg suka bar gida, wasu suka bi kogin Danube daga Ulm zuwa ƙasashen Rasha, wasu suka gangara kogin Rhine zuwa Amurka. Bikin Cannstatt da ake cika Stuttgart dominsa duk kaka, wanda yarana suka sani da lilo da alawa, Sarki Wilhelm na ɗaya ne ya kafa shi a 1818 a matsayin baje kolin noma saboda wannan yunwar. A shafin gidanmu na ga fasto ya rubuta a gefen sunan wani ƙanin kaka cewa ya tafi Amurka a 1817, bai ƙara komai ba.

Na bi layin mahaifiyar mai ɗakina har tsakiyar ƙarni na 17, a nan hanya ta toshe. Ba laifin kowa ba ne a yau. An umarci cocin Württemberg su fara rubuta baftisma tun 1558, amma Yaƙin Shekaru Talatin, 1618 zuwa 1648, ya ci ƙasar, musamman bayan gwabzawar Nördlingen a 1634, lokacin da sojoji da annoba suka share ƙauyuka. Littafin ƙauyenmu mafi tsufa bayan yaƙin ya fara.

Ta wajen mahaifinta ban yi nisa ba. Su 'yan Silesiya ne, kuma Katolika, suna cikin miliyoyin Jamusawan da suka gudo ko aka koro daga gabas a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Yankin yanzu Folan ne, babban birninsa Breslau ya koma Wrocław, ƙauyuka duk sun sauya suna, littattafan da suka tsira kuma sun warwatsu a ma'ajiyoyi daban-daban. Archion galibi na Furotesta ne. Mai neman Katolika ya fara leƙa Matricula, wanda kyauta ne, yana da littattafan Ostiriya da na wasu yankunan Jamus irin su Passau da Münster da Paderborn. Haka nan abin da ya faru bayan 1876, Standesamt ake nema, kuma tun 2009 doka ta ce rajistar haihuwa tana rufe shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30. Kafin cikar wa'adin sai jinin mutum, don haka mai ɗakina ce ta sa hannu a wasiƙun, ni nawa rubutawa da sayen kan sarki.

Akwai wani shafi da ba zan ambaci sunansa ba, inda masu amfani ke ɗora bishiyar zuri'arsu. Can na tarar wani ya haɗa kakanmu da wata mata da ta rasu tun yana ɗan shekara shida, wasu kuma sun kwafe suna ta yaɗawa. Abin da ya sa na fi ganin darajar hoton littafi ke nan, babu wanda ya shiga tsakaninka da fasto. Ƙungiyar masu binciken zuri'a ta CompGen ma tana da kayan aiki kyauta masu kyau, ciki har da jerin sojojin Jamus da aka kashe ko aka raunata ko suka ɓata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sama da layi miliyan 8 da 'yan sa kai suka tattara, kuma shi ana iya nemansa da suna.

Shawarata ga mai niyya, kada ya sayi na shekara tun farko. Ya tattara takardun gida, ya zauna da tsofaffi, ya koyi haruffan Kurrent a kan samfuran da ke intanet kyauta, sannan ya sayi wata guda a lokacin da yake da sarari, kamar tsakiyar hunturu da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi. Ya riƙa rubuta sunan littafi da lambar hoto na duk abin da ya samu, don ranar da wa'adi ya cika ƙofa rufewa take. Wanda ba ya jin Jamusanci ko kaɗan zai sha wuya amma ba zai gagara ba, kalmomin da ke maimaituwa a littattafan ba su da yawa.

Ni na bar nawa ya ƙare ban sabunta ba tukuna, don aikin da ya rage ba a can yake ba. Mutumin nan na 1817 nake so na bi. Jerin fasinjojin tashar Hamburg bai fara ba sai 1850, kuma 'yan ayarin yunwar ta Amsterdam akasarinsu suka shiga jirgi, don haka sai na koma neman sawunsa daga ɓangaren Amurka, wataƙila a littattafan cocin Jamusawan Pennsylvania, inda da yawansu suka sauka.